Kalmomin da Yawan Faɗa Ya Rage Musu Daraja: Nasiha ga Matasan Sabon Tasha

Sabon Tasha, wadda mazaunanta suka fi kira da Sabo, unguwa ce babba a kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kuma ta miƙe ne a bakin hanyar da ta fita daga birni ta nufi Kujama da Kasuwan Magani da Kachia. Cikarta da jama'a tana da nasaba da masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta soma aiki a 1957, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975, da matatar mai da aka ƙaddamar a 1980 a kan hanyar ta Kachia, domin waɗannan wurare ne suka jawo ma'aikata daga kowace kusurwa ta Najeriya. Daga baya rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sake raba mazauna birnin, Kiristoci da yawa suka tattara suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa. Saboda haka a layi guda na Sabo ana iya samun Gbagyi, waɗanda suke zaune a yankin tun kafin Turawa su mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, tare da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Ibo da Yarbawa da Tibi, ga kuma Hausawa da Fulani 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wasu mazauna, wasu masu shigowa da safe su koma da yamma. Abin da ke haɗa waɗannan mutane, ban da Turanci da buroka, shi ne Hausa, wadda a nan take matsayin harshen hulɗa, wato harshen da mutanen da harsunan gidajensu suka bambanta suke haɗuwa a kansa domin ciniki da gaisuwa da sulhu, har ma da ibada, tunda majami'u da dama suna yin sujada da Hausa, kuma Littafi Mai Tsarki yana hannun jama'a da Hausa tun 1932.

A wuri irin wannan kalma tana ɗaukar nauyin da ba ta ɗauka a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa. A ƙauye, idan mutum ya yi alkawari, gidansu da sunan mahaifinsa suna tsaya masa. A Sabo kuwa, sau da yawa mai shago bai san daga ina abokin cinikinsa ya fito ba, abin da yake riƙe da shi kawai shi ne abin da ya fito daga bakin mutumin. Wannan ne ya sa ƙorafin da manya ke yi a kan maganar matasa ya cancanci a saurare shi da kunnen basira, ko da yake sai an tace shi, domin akwai abin da ake kuka da shi wanda ba laifi ba ne, akwai kuma wanda laifi ne babba amma an saba da shi har an daina ganinsa.

Abin da ya kamata a fara cirewa daga jerin laifuffuka shi ne batun jinsi. Jinsi a nahawu shi ne rabuwar sunaye zuwa na namiji da na mace, abin da ke sa mai daidaitacciyar Hausa ya ce sabon wando amma sabuwar riga, gidan sarki amma kasuwar gari. Sunan unguwar kansa ya saɓa wa wannan ƙa'ida, domin da an bi Hausar littafi da Sabuwar Tasha za a ce. Haka Kasuwan Magani, haka Ungwan Boro da Ungwan Pama da sauran unguwannin da ke kewaye. Masana harshe sun daɗe da nuna cewa karin harshen Zazzau da na Bauchi, wato yadda Hausar waɗannan yankuna ke fita a bakin mutanensu, sun sassauta wannan bambanci ko a wurin waɗanda da Hausa aka yaye su, balle wanda ya koye ta a kasuwa. Matashin da zai rubuta jarrabawa ko ya nemi aiki a gidan rediyo yana bukatar ƙa'idar, kuma ya dace ya koye ta da kyau, amma wanda ya yi wa dattijo dariya don ya ce "matana ne" maimakon "matata ce" ya aikata abin da ya fi kuskuren nahawu muni, domin dattijon bai cuci kowa ba, shi kuwa ya muzanta wanda ya isa ya haife shi.

Haka nan ba a ɗaukar amsar gaisuwa a matsayin ƙarya. Wanda aka tambaya kwanan gida ya ce "lafiya lau" alhali yaronsa na kwance, ko aka yi masa ya gajiya ya ce "ba gajiya" alhali a tsaye ya wuni, bai yaudari kowa ba, saboda mai tambaya da mai amsa duk sun san cewa ainihin labari yana zuwa ne bayan an zauna. Daga nan ake samun ma'aunin da ya kamata matashi ya riƙe: muddin mai magana da mai sauraro sun fahimci kalma a kan ma'ana ɗaya, ba a cuci kowa ba ko da an maimaita ta sau ɗari a wuni, cuta tana shigowa ne a lokacin da mai sauraro ya ɗauki kalmar da cikakken nauyinta ya gina shirinsa a kanta, alhali mai magana ya san tun a zuci cewa ya furta ta ne don ya rabu da shi.

Idan aka auna da wannan, kalmomin da suka fi ci wa mutane rai su ne na lokaci. "Ina zuwa" da "ga ni nan a hanya" da "yanzu-yanzu" da "saura kaɗan" da "dawo gobe" duk ƙananan alkawura ne, kuma tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 furta su ya yi sauƙi ƙwarai, domin ba a ganin inda mai cewa yana hanya yake zaune. Telan da ya karɓi ɗinkin Kirsimeti ko na Sallah fiye da abin da keken ɗinkinsa zai iya, da makanikin da bai ko kwance injin ba, da mai gyaran wayar da bai sayo kayan gyara ba, idan suka ce gobe sun san ba goben ba ce, amma matar da ta taso daga Kamazou ko Narayi don karɓar kayan 'ya'yanta ba ta sani ba, kuma ita ce za ta yi asarar kuɗin mota da rabin wuninta. Yawancin masu yin haka ba mugunta ce ke sa su ba. Nauyin baki ne ke hana su cewa "ba zan iya ba" ko "sai mako mai zuwa", ko kuma tsoron kada ciniki ya kuɓuce. Sai dai kunyar da za ta rufa wa mai sana'a asiri na minti biyar ta jawo wa wani asarar wuni ba ta cancanci a kira ta kunya ba. Kalmar mai sana'a kamar mudun awo ce a kasuwar Sabo: ranar da masu saye suka gane an bubbuge gindin mudun ba za su tsaya musu da mai hatsi ba, rumfar gaba za su wuce, kuma ko ya sake sabon mudu zai daɗe kafin a sake yarda da awonsa. Yaron da ke koyon sana'a ya sani cewa a shagon maigidansa yana koyon aikin hannu, yana kuma koyon yadda ake magana da masu kawo aiki, kuma ba wajibi ba ne ya gaji na biyun idan ya ga babu gaskiya a ciki.

Abin ya fi ciwo idan aka jingina wannan goben da sunan Allah. "In sha Allahu" kalmomi ne uku na Larabci da ke nufin idan Allah ya so, Hausa kuma tana da nata, "in Allah ya yarda" da "da yardar Allah", waɗanda Musulmi da Kirista duk suke faɗa. Asalinsu tawali'u ne, wato mutum ya ƙudurta zai yi abu, ya yi masa tanadi, sannan ya amsa cewa rai da lafiya da wayewar gari ba a hannunsa suke ba. Alƙur'ani ya yi umarni da haka a cikin Suratul Kahfi, Wasiƙar Yaƙubu ma ta yi wa Kiristoci irin wannan gargaɗi a babi na 4. Amma a bakin mutane da yawa kalmar ta koma hanyar ƙin abu cikin ladabi, har ta kai mai bin bashi yana jin "in sha Allahu ƙarshen wata" sai gabansa ya faɗi, mai neman aiki kuma yana jin ta sai ya fitar da rai. Wanda ba shi da niyyar biya amma ya ce in Allah ya yarda, ya ɗora wa Ubangiji alhakin abin da shi da kansa ya riga ya yanke, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai imani. Idan akwai niyya, sai a faɗi ranar da adadin kuɗin sannan a ce in Allah ya yarda. Idan babu niyya ko babu hali, a faɗi hakan ƙarara, a bar sunan Allah a inda ya dace da shi.

Rantsuwa ta sha irin wannan kisan mummuƙe. Ma'anarta ita ce kiran Allah ya zama shaida a kan magana, shi ya sa magabata suke ajiye ta domin gaban alƙali ko rigimar da babu shaidu. Malaman fiƙihu sun kasa ta gida uku: akwai wadda ta suɓuce ba da nufi ba ko aka yi ta bisa zaton gaskiya, wadda babu kaffara a kanta, akwai wadda aka ƙulla a kan abin da za a yi nan gaba, wadda idan aka karya ta sai an yi kaffara, wato fansar laifin, ta hanyar ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu hali ba kuma ya yi azumin kwana 3, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, akwai kuma ta ganganci a kan ƙarya, wadda ake kira gamusa saboda tana dulmiyar da mai ita cikin zunubi. A wajen Kirista, Bisharar Matiyu a babi na 5 ta hana rantsuwa, ta nemi kalmar mutum ita kaɗai ta isa a gaskata shi. Duk da haka "wallahi" da "wallahi tallahi" da "Allah kuwa" da "tsakani da Allah" sun zama abin cike gurbin magana, mai tumatir ya rantse cewa haka ya saro sannan ya sayar ƙasa da abin da ya rantse a kai, samari kuma su yi ta rantse-rantse a gidan kallon ƙwallo a kan wanda zai ci wasa. Wani matashin ya tsinci "wallahi" ne a titi bai san cewa sunan Allah ya kira ba, wani kuma ya sani sarai amma harshensa ya riga ya saba. Ɓarnar ba ta tsaya a kan masu rantsuwar ba, domin yanzu mai gaskiyar da ya faɗi magana tsurarta sai a ce masa "rantse", kamar dai maganar da babu rantsuwa a cikinta ba ta cika ba. Wanda ya kame bakinsa daga wannan zai sha ɗan zargi da farko, amma da zarar an san shi a kan cewa ba ya rantsuwa kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, to kalmarsa za ta fi ta masu tallahi tsada a unguwa.

Kalmar da ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce haƙuri, domin babu wadda Hausa ta girmama kamarta, kuma babu wadda aka fi zalunta da ita. "Yi haƙuri" tana aiki da yawa: da ita ake ta'aziyya, da ita ake sallamar mai bara, da ita ake ba mai fushi baki, da ita kuma ake neman gafara. A wannan aiki na ƙarshe ne ta lalace. Ɗan acaɓa ya bugi ƙafar mai tafiya, ko mai shago ya riƙe wa yaronsa kuɗin wata biyu, ko maƙwabci ya saki ruwan wankansa ya shiga ɗakin wani, sai mai laifin ya ce "yi haƙuri" da muryar mai ba da umarni, jama'a kuma su taru a kan wanda aka cuta suna cewa "ai ya ba ka haƙuri", kuma idan ya nemi kuɗin magani ko haƙƙinsa nan take shi zai koma mai laifi, a ce ba shi da haƙuri. Wanda ya duba ginin jimlar zai ga inda matsalar take, domin "yi haƙuri" tana ɗora aikin ne a kan wanda aka cuta, ba ta ambaci laifi ba, ba ta ambaci mai laifi ba. Hausa ba ta rasa kalmomin da ke yin wannan aiki ba: akwai "laifina ne", akwai "na yi kuskure", akwai "ka yafe mini", akwai "na tuba", kuma kowace daga cikinsu tana da ɗaci a baki saboda tana sa mai faɗarta ya sunkuyar da kai. Neman gafara na gaskiya yana farawa da amsa laifin da sunansa, ya biyo da gyara abin da aka ɓata gwargwadon hali, sannan a bar wa wanda aka cuta zaɓin yafewa a lokacin da zuciyarsa ta sauka. Idan aka yi haka, "yi haƙuri" tana dawowa da ma'anarta, ta zama roƙo.

'Yar'uwarta "sai haƙuri" ita ma tana da wurinta, wato abin da ɗan Adam ba shi da iko a kansa, kamar mutuwa da fari da ciwon da ya fi ƙarfin likita. Amma idan taransifomar layi ta ƙone, ko kwata ta toshe ruwa yana shiga gidaje duk damina, "sai haƙuri" tana rufe zancen a daidai inda ya kamata a fara shi, a tara mutanen layi, a yi karo-karo, a tura wakilai wurin kansila ko ofishin wuta. Manomin da ya yi shuka ya yi noma yana jiran girbi shi ne mai haƙuri. Wanda bai fita gona ba yana da wani suna dabam. Kaduna kuma tana da dalili na musamman na yin hattara da wannan kalma, domin bayan kowane rikici, tun daga na 2000 har zuwa na bayan zaɓen 2011, an yi ta ce wa waɗanda suka rasa 'yan'uwa da gidaje da shaguna su yi haƙuri, kuma haƙurin da aka nema ba tare da an zauna an ji abin da mutum ya rasa ba yakan kwanta ne a zuci ya zama gaba. Matashin da ya je jaje ko shiga tsakani zai fi amfani idan ya fara da tambaya da sauraro kafin ya kai ga ba da haƙuri. A ɗaya gefen kuma, wanda aka ɓata wa rai kada ya ce "ba komai" alhali akwai komai, ya tafi yana ƙullace da mutum shekara guda. Faɗin "raina ya ɓaci, amma zan duba" ya fi kusa da zaman lafiya.

Laƙabin girmamawa ma ya yi arha. Alhaji sunan wanda ya sauke farali ne, malam ya samo asali daga kalmar Larabci ta mai koyarwa, "ranka ya daɗe" kuwa gaisuwar sarki da alƙali da na gaba ce, amma yanzu duk wanda ya fito daga mota mai tsabta zai ji an kira shi Alhaji ko yallaɓai ko oga ko ciyaman ko honorabul, kuma abin da ke biyo baya sananne ne, wato "yaranka na nan". Illar ita ce dattijon da ya ji saurayi ya girmama shi sai ya fara tunanin aljihunsa, kuma yaron da ya yi gaisuwa don tarbiyya kawai shi ma zargin ya shafe shi. Tsakanin ladabi da banbaɗanci, wato yabon da ake yi don a samu, akwai iyaka, kuma "baba" ko "mama" ko "yaya" da aka faɗa da zuciya ɗaya ba tare da miƙa hannu ba sun fi dogon kirari shiga rai.

Akwai wani rukuni da ya fi sauƙin gyara, wato maganganun taro da na rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, kuma masu fassara labarai cikin gaggawa sun shigo da jimloli irin su "taka rawa" da "ɗaukar mataki", waɗanda suka zauna har suka zama 'yan gida. Wasu kuwa har yanzu baƙi ne, kamar "a ƙarshen rana" a inda Bahaushe zai ce "daga ƙarshe", ko "zan so in yi amfani da wannan dama" a inda zai shiga godiyarsa kai tsaye. A wurin biki da taron ƙungiya, mai jawabin da ya ce "ba tare da ɓata lokaci ba" ko "a taƙaice" ko "daga ƙarshe" ya yi wa masu sauraro alkawari, kuma ya kamata ya cika shi, saboda akwai masu goyo da tsofaffi a zaune cikin rana. Ingausa kuwa, wato cakuɗa Ingilishi da Hausa a jimla guda, ba abin mamaki ba ce a unguwar da yaro ke tashi da harsuna uku ko huɗu, kuma tsakanin abokai ba ta da aibi. Aibinta yana bayyana ne idan saurayi ya kasa yi wa kakarsa bayanin abin da likita ya ce da harshe ɗaya tsantsa, ko na gidansu ko Hausa.

Kalmomin da suka fi haɗari a Sabo su ne waɗanda ake kiran mutane da su. Aboki a Hausa kalma ce mai daraja, ta wanda aka ci abinci tare aka san sirrin juna, amma a garuruwan kudu da wasu unguwannin Kaduna ta koma sunan da ake kiran kowane mai shayi da mai gyaran takalmi da mai ruwa da mai yankan farce, ba tare da sallama ba, wani lokaci daga bakin yaron da bai kai ɗan autan mutumin ba. Mai sana'ar yana jin rainin ko da bai tanka ba. Yana da suna, kuma idan ba a san sunan ba akwai malam, akwai baba, akwai sunan sana'arsa da gaisuwa a gaba. Ta ɗaya ɓangaren, Bahaushen da ya kira maƙwabcinsa Kirista arne ya yi kuskure biyu, na tarihi da na addini, domin arna a asali sunan Hausawan da suka riƙe bautar gargajiya ne, kuma sunan da Musulunci ya ba Kiristoci shi ne Ahlul Kitabi, wato ma'abota littafi. Haka "nyamiri", wadda ake danganta asalinta da kalmomin Ibo na neman ruwan sha, babu Ba'ibon da ke jin daɗinta. Haka kuma kiran gurɓatacciyar magana gwaranci, ko kiran wanda bai ƙware a abu ba bagwari, cin fuska ne ga Gbagyi, al'ummar da a ƙasar kakanninta unguwar take zaune. Mai faɗar waɗannan kalmomi yakan ce wasa yake yi, ko haka ya taso ya ji ana faɗa, amma wasa tsakanin ƙabilu a al'adar Hausa yana da ƙa'ida, kamar wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Katsinawa da Nufawa, inda ɓangarorin biyu suka yarda da shi kuma kowa yana ramawa cikin raha. Abin da ɓangare ɗaya ke dariya ɗayan yana haɗiye fushi ba ya cikin wannan.

Sunayen al'ummomin kudancin Kaduna suna bukatar irin wannan kula. Littattafan zamanin Turawa sun rubuta Kaje da Kataf da Jaba da Kadara da Gwari, su kuwa mutanen suna kiran kansu Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi, kuma sarautunsu suna ɗauke da sunayen nasu, irin su Agwam Bajju da Agwatyap, waɗanda aka kafa masarautunsu a 1995, da Kpop Ham. Tsofaffin sunayen ba su ɓace ba, tunda har yau akwai ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Jaba, kuma ba duka ne suke da zafi iri ɗaya ba, wasu ana jin su a bakin masu su, wasu kuwa ana ƙin su ƙwarai. Matashi ba ya bukatar ya zama masanin tarihi kafin ya yi daidai. Ya isa ya kira mutum da sunan da mutumin ya zaɓa wa kansa, idan kuma bai sani ba ya tambaya, domin babu wanda ke jin haushin a tambaye shi yadda yake so a kira mutanensa.

Saura ƙaramar kalmar nan "wai". A nahawu aikinta shi ne nuna cewa mai magana ji ya yi, bai gani ba, kuma wannan kyakkyawan tanadi ne da Hausa ta yi domin a bambanta shaida da jita-jita. Amma mutane sun mai da ita garkuwa, mutum ya faɗi abin da zai iya kashe aure ko ya tayar da unguwa, idan aka tuhume shi ya ce ai shi "wai" ya ce. Abin da ya fi muni shi ne kalmar ba ta jure tafiya: na farko zai ce wai an tare hanya, na biyu ya ce an ce an tare hanya, na uku ya ce an tare hanya, na huɗu kuma ya ƙara adadin gawarwaki, kuma a WhatsApp da Facebook wannan tafiya ba ta cin minti goma. A ranar 18 ga Oktoba 2018 aka yi rikici a Kasuwan Magani, a kan wannan hanya da ta ratsa Sabo, inda 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu, kwana 3 bayan haka hankali ya tashi a cikin birnin Kaduna har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. A irin waɗannan ranaku 'yan kasuwa na rufe shaguna a guje, iyaye na rugawa makarantu, baƙon da ya shigo unguwa neman abincinsa kuma rayuwarsa tana rataye ne a kan abin da aka ce wai ya faru a wata unguwar, ko ya faru ko bai faru ba. Mai tura saƙon yakan ce gargaɗi yake yi don a tsira, kuma sau da yawa da gaske yake, amma kyakkyawar niyya ba ta dawo da wanda aka kashe a kan labarin da ba a tabbatar ba.

Saboda haka ana roƙon duk matashin da irin wannan saƙo ya shigo wayarsa ya fara kiran wani da ya sani a unguwar da aka ambata, ya tambaye shi abin da idonsa ya gani. Idan bai samu wanda ya gani ba, kada ya tura wa kowa, ko da saƙon daga yayansa ya fito, ko daga zauren majami'arsu ko na masallacinsu.